Ranar da 'Yar Kafinta Ta Buga Manyan Ganguna

Shekaru sun fara ƙwace mini abubuwa da dama. Sai in ajiye tabarau in wuni ina nema, sai in kira jika da sunan ubansa. Amma akwai wata yamma a Minna, can wajen ƙarshen shekarun 1980, wadda ko me zan manta, ita kam ba zan manta da ita ba. Ita ce yammar da mu 'yan wani gidan haya a Kpakungu muka kwashi jiki muka tafi kallon kiɗan Turawa, irin wanda makaɗa da yawa ke zama jere-jere da goge da ƙaho da sarewa, duk suna bin sandar mutum ɗaya.

A lokacin maigidana yana aiki a tashar jirgin ƙasa, ni kuma ina ɗinki a gida. Gidan namu babba ne, ɗakuna a jere, rijiya a tsakiya. Ɗakin da ke manne da namu na wani kafinta ne da matarsa, Kiristoci daga kudancin Kaduna. Zamanmu ya wuce na maƙwabta. Matar kafinta ce ta karɓi haihuwar ɗana na biyu da naƙuda ta zo mini ba shiri, maigidana kuma da kafinta abokan dara ne, kullum bayan la'asar suna gindin mangwaro suna zargin juna da maguɗi.

Babbar 'yarsu a gabana ta girma. Yarinya ce mai kwanya, mai shiru, kuma ubanta ya ɗora dukkan burinsa a kanta. Da ta samu shiga wata jami'a a kudu don karatun harhaɗa magunguna, babu wanda bai ji ba. Ya faɗa a coci, ya faɗa wa masu kawo masa aiki, har direban tasi sai da ya ji. Ana nan sai wani ɗalibi da ya zo hutu ya saki baki, ya ce ai tuni ta bar wancan karatun ta koma sashen kiɗa. Ganga take koyo.

Ban taɓa ganin mutum ya canza kamar yadda kafinta ya canza ba. Bai yi faɗa ba, bai yi zagi ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ganga kuma sai an je jami'a? Ai da ta faɗa mini, da na kai ta ƙauyenmu ta koya kyauta." Daga nan ya rufe bakinsa a kanta. In ta zo hutu ta durƙusa ta gaishe shi, sai ya ce "lafiya" ba tare da ya ɗaga ido daga katakon da yake yankawa ba. Da ta gama karatu bai je bikin ba. Uwarta ta yi kuka har ta gaji, limamin cocinsu ya sa baki, maigidana ya sa baki, duk a banza.

Sai ga shi wata rana cikin bazara, lokacin da zafin Minna ke hana mutum sakat, yarinyar ta shigo gida da kati a hannu. Ta ce ƙungiyar makaɗansu na zagaya garuruwan arewa, har da wasu Turawa da suka zo taya su, kuma ranar Asabar da yamma za su yi wasa a babban ɗakin taro na wata kwaleji a nan Minna. Ta ba uwarta kati, ta ba mu namu, ta ba duk wanda ke so a gidan. Na ubanta kuwa ta kai masa rumfarsa da hannu biyu. Ya dubi katin, ya ce ta ajiye a can, ya ci gaba da zartonsa.

Kafin ta koma masaukinsu ta shigo ɗakina ta zauna kusa da keken ɗinki. Sai ta ce, "Anti, an ba ni aiki a Legas. In Baba bai zo ranar Asabar ba, zan tafi, kuma ba na jin zan riƙa dawowa. Na gaji da gaishe da bayansa."

Na san yarinyar nan, ba ta faɗar abin da ba za ta yi ba. Na gaya wa maigidana. Ya ce in bar shi da abokinsa.

Ranar Asabar bayan azahar muka shirya. Matar kafinta ta ɗaura zanen da take ajiyewa don Kirsimeti. Akwai wata tsohuwa 'yar Gbagyi mai sayar da doya, wadda duk gidan muke kira Kaka, ita ma ta ce ba za a bar ta a baya ba. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta. Ta ce, "Yarinya ɗin nan ni na goya shi. Dole in je in ga abin da yana yi." Kafinta kuwa yana rumfarsa da singileti, yana buga ƙusa kamar bai san ana wani shiri ba.

Maigidana ya fito cikin babbar riga, ya tsaya a kansa ya ce, "Kafinta, tashi ka raka ni."

"Ni ba inda za ni, Malam."

"Ban ce ka je kallo ba, na ce ka raka ni. Kana so in shiga cikin mata ni kaɗai kamar ɗan rakiyar amarya? Da kai ne ka roƙe ni, da tuni na sa takalmi."

Kafinta ya juya guduma a hannunsa. Can ya ce, "To, rakiya kawai. A bakin ƙofa zan tsaya."

Bai samu tsayawa a bakin ƙofar ba. Muna isa, wasu ɗalibai masu nuna wurin zama suka karɓi katinmu suka tura mu cikin layi ɗaya mai matsi. Kafinta ya tsinci kansa a tsakiya, maigidana a damansa, matarsa a hagunsa, ni ina biye da ita, Kaka kuma ta toshe bakin layin. Ɗakin ya cika maƙil. Manyan ma'aikata da matansu suna gaba, ga Turawa da Indiyawa malaman makarantu, ga wasu sistocin coci cikin fararen kaya, ga ɗalibai har kan tagogi. A gabanmu akwai wata Baturiya mai furfura da ta zauna tsaf kamar a coci, kusa da ita wani Alhaji mai ƙaton rawani yana ta fifita da takardar shirin wasa, don fankokin sama iska mai zafi kawai suke juyawa.

Makaɗan suka fito, mazan cikin baƙar kwat, matan cikin baƙaƙen riguna. Na tausaya musu saboda zafin. Suka zauna da gogensu, daga ƙanana da ake maƙalewa a wuya har manya da suka kusa tsawon mutum. Matar kafinta ta finciki hannuna ta ce, "Ga ta can! Can baya!" Ga yarinyar kuwa a ƙarshen kowa, a bayan wasu manyan ganguna na jan ƙarfe masu kama da tukwanen girkin biki, riƙe da sanduna biyu masu kai kamar dunƙulen auduga.

Sai kowa ya fara gwada abin kiɗansa a lokaci guda. Wannan ya ja nan, wancan ya busa can, babu kai babu gindi. Mu ba mu san gyaran murya suke yi ba, mun ɗauka wasan ne ya fara. Kaka ta ce da ƙarfi, "Wannan ne mun zo ji? Kamar sauro ya shiga kunne!" Da suka yi shiru, wasu ɗalibai a baya suka ɗauki tafi, mu ma muka taya su don kada a ce ba mu da ladabi. Na ga kafaɗun wasu makaɗan suna rawa saboda dariya.

Jagoransu ya fito, wani dattijo ɗan kudu mai sanƙo da siririyar sanda. Ya rusuna mana, sannan ya juya mana baya. Maigidana ya ce, "Ikon Allah. Mu muka zo kallo, mu aka juya wa ƙeya." Dattijon ya ɗaga sanda, ɗakin ya yi tsit.

Abin da ya biyo baya, har yau ban iya kwatanta shi yadda ya kamata ba. Gogen nan duka suka tashi tare, a hankali, hannayensu na tafiya lokaci guda kamar hannun mutum ɗaya. Na ji sautin ya ratsa ni tun daga ƙirji har bayan wuya, tsigar jikina ta tashi. Babu waƙa, babu ko kalma ɗaya, amma sai na samu kaina ina tuna mahaifiyata tana tsefe mini kai a ƙofar ɗakinta, abin da na yi shekaru ban tuna ba. Na waiwaya in ga ko ni kaɗai ce. Wata sista ta rufe ido tana murmushi. Wani ɗalibi a kan taga ya saki baki. Wani mutum a bayanmu kuwa tuni barci ya kwashe shi, har da ɗan minshari.

Da kiɗan ya tsaya muka ɓarke da tafi. Ashe ba a gama ba, numfashi kawai suka ja kafin kashi na biyu. Baturiyar ta waiwayo ta ɗora yatsa a baki, fuska a murtuke. Jagoran ya ɗan kaɗa mana hannu ta baya, alamar mu dakata. Alhaji ya karkato wajen maigidana ya ce, "Malam, wai yaushe mawaƙin zai fito ne?" Maigidana ya ce shi ma jira yake yi.

Duk wannan abin da ake yi, yarinyarmu ba ta buga komai ba. Tana zaune, sanduna a cinya. Aka gama kiɗa na farko, aka shiga na biyu, masu sarewa da ƙaho suka samu rabonsu, ita shiru. Leɓunanta ne kawai ke motsi. Can sai ta sunkuya ta kai kunnenta dab da fatar ganga, ta ɗan taɓa da yatsa, ta murɗa wani abu a gefe. Uwarta ta ce, "Wayyo, ko jiri take ji? Ba ta ci komai ba, na sani." Kaka ta ce, "A'a, addu'a yana yi. Sun hana shi bugawa."

Sai kafinta ya yi magana, karo na farko tun shigowarmu. Ya ce, "Malam, ka gani ko? Gadin tukwane suka ba ta. Abin da ta bar karatun magani a kansa ke nan." Muryarsa ba ta fushi ba ce, ta mutumin da zuciyarsa ta karye ce. Matarsa ta sunkuyar da kai. Ni ma, gaskiya, jikina ya yi sanyi. Na fara tunanin ko da mun bar shi a rumfarsa da ya fi.

Da aka gama kiɗa na biyu ya miƙe zai fita. Ya ratsa matarsa, ya ratsa ni, ya iso kan Kaka, wadda ta miƙe ƙafafunta har jikin kujerar gaba. Ya ce, "Kaka, ba ni hanya."

Ta ce, "Gwiwa na yana ciwo. Ni ba zai tashi ba sai an gama."

"Kaka, don Allah."

"Ka koma ka zauna. Kai babba ne, mutane yana kallon ka."

Jagoran ya riga ya ɗaga sanda, Baturiyar ta sake waiwayowa. Ba yadda kafinta zai yi, ya koma ya zauna yana huci. Daga baya Kaka ta rantse mini cewa gwiwarta lafiya lau take ranar.

Kiɗa na ƙarshe ya fara ƙasa-ƙasa, manyan gogen nan suna gurnani. Sai muka ji wani rugugi daga nesa, kamar hadari ya taso daga wajen Chanchaga. Wallahi rabin ɗakin sai da suka juya suka dubi tagogi. Wata mata ta ce, "Ruwa!" Kaka ta dafe ƙirji ta ce ta bar shanyar doya a waje. Amma sararin sama fes yake, rana na nan da sauranta. Na dawo da idona kan dandamali, sai na ga yarinyar a tsaye, sandunan nan suna rawa a kan fata har ba a ganin kawunansu. Ashe hadarin daga hannunta yake fitowa.

Rugugin ya riƙa ƙaruwa har na ji shi a cikin kujerar da nake zaune. Masu ƙaho suka shigo, gogen suka ɗaga murya, sautin ya hau, ya hau, ya cika ɗakin. Kwatsam sai dattijon ya sare iska da sandarsa, kowa ya tsaya cak, ya nuna ta ita kaɗai. Ta buga. Daga wannan ganga zuwa waccan, hannu na tsallake hannu, fuskarta a natse kamar ba ita ba. Duk makaɗan nan, har da Turawan cikinsu, sun riƙe kayansu suna jiran ta. Mai barcin bayanmu ya farka a firgice yana salati. Sannan ta kai bugu ɗaya mai ƙarfi, duka suka afko tare da ita.

Ban san lokacin da guɗa ta kuɓuce mini ba. Ni da ko a biki sai an roƙe ni nake yi, sai ga ni na rangaɗa ta a tsakiyar kiɗan Turawa. Matar kafinta ta karɓa, wasu mata a can gefe suka amsa. Na ce yau Baturiya za ta cinye mu. Ko waiwayowa ba ta yi ba, kanta na ta kaɗawa, tana buga tafin hannunta a gwiwa. Na leƙa kafinta. Ya tasa jikinsa gaba, idanunsa a kan 'yarsa, ya damƙe gwiwar maigidana da hannun nan nasa na aikin katako. Maigidana ya ce sai da ya kwana biyu yana jin wurin.

Da aka kai ƙarshe, wannan karon babu wanda ya hana mu tafi. Ɗakin gaba ɗaya ya miƙe. Ɗalibai suna fito, suna dukan tagogi, sistoci suna tafi sama da kawunansu. Jagoran ya juyo ya rusuna, gumi ya jiƙa masa kwat sharkaf. Ya sa makaɗan suka miƙe, sannan ya miƙa hannu can baya, ya sa yarinyar ta fito gaba ita kaɗai. Ihun da aka yi sai da na toshe kunne.

A cikin wannan ihun ne na ji wata murya ta fi ta kowa. Kafinta ne. Yana nuna ta da hannu biyu, hawaye na bin fuskarsa, yana cewa, "'Yata ce! Jama'a, 'yata ce wannan! Ni na haife ta!" Ya kama kafaɗar Alhaji ya gaya masa, ya juya ya gaya wa mai barci. Baturiyar ta tambayi wani ɗalibi abin da yake faɗa, da aka fassara mata sai ta kama hannunsa da hannayenta biyu tana girgizawa, tana ta magana da Turanci, shi kuma yana amsa mata da Hausa, kowa na jin daɗin ɗan uwansa. Alhaji kuwa ya tattara rigarsa ya hau dandamali ya fara yi wa makaɗa liƙi. Ya manna wa yarinyar a goshi, ya manna wa dattijo a sanƙo, ya nufi wani Bature mai goge wanda ya ja da baya a tsorace, bai san me ake nufi ba. Dariya har da masu riƙe ciki.

Muka jira ta a waje, gindin wata bishiya. Ta fito tana tafe a hankali, ta zo gaban ubanta ta durƙusa. Duk muka zuba musu ido. Ya dube ta, wannan karon ido cikin ido, ya ce, "Me kike ta faɗa da baki tun da aka fara? Kaka ta ce addu'a ce."

Ta ce, "Ƙirga nake yi, Baba. Kowane bugu da suke yi ina bin sa, don in san inda zan shigo. In na yi saurin shiga ko na makara ko da ƙiftawar ido ne, na ɓata aikin kowa."

"Duk tsawon lokacin nan?"

"Duka, Baba."

Ya jinjina kai. Ya kama hannunta ya ɗaga ta, ya riƙe tafin yana dubawa, yana shafa kantar da sanda ta yi mata. Can ya ce, "Kin ci abinci kuwa?" Sai ta fashe da kuka ta faɗa jikinsa, uwarta ta rungume su duka biyu. Maigidana ya juya baya yana gyara hularsa da ba ta karkace ba.

Ana cikin haka aka fara fito da kaya ana lodawa a mota. Kafinta ya hango akwatin katakon da ake saka ɗaya daga cikin gangunan, gefensa ya tsage an ɗaure da igiya. Ya ce, "Wane ne ya yi wannan aikin banzan? A cikin wannan za a saka gangar 'yata?" Ya sa aka ɗora akwatin a kan tasi muka taho da shi Kpakungu. Washegari bayan sun dawo daga coci ya gyara shi tsaf, ya kai musu da kansa kafin motarsu ta tashi.

Ta karɓi aikin Legas ɗin, amma da albarkar ubanta ta tafi, shi ya raka ta tasha. Kowace Kirsimeti tana gida, daga baya har da mijinta da 'ya'yanta, haka aka yi ta yi har Allah ya karɓi ran kafinta.

Abin da na koya a ranar ya yi mini amfani a cikin gidana. Da autana ya gama sakandare ya ce shi zane yake so ya karanta, raina ya ɓaci, na ji maganganu masu zafi sun taru a bakina. Sai na haɗiye su, na ce ya kai ni inda yake koyon zanen. Na zauna a kan benci na wuni ina kallon sa yana aiki, na dawo gida da sanyin zuciya. Tun daga wannan yammar ta Minna na ɗaukar wa kaina alkawari: ba zan yanke hukunci a kan abin da ɗana ko ɗan wani ya zaɓa wa rayuwarsa ba, sai na je da ƙafata, na zauna, na kalla har ƙarshe.